Ƙuri'un Unguwar Kawu Zygmunt

A takarda, kawuna Zygmunt ma'aikacin hukumar ruwa ne. A zahiri kuwa, aikinsa kawo wa magajin gari ƙuri'un unguwarmu. Haka birnin yake a lokacin: jama'a ke zaɓen magajin gari, shi kuma kowane gurbin aiki yana hannunsa. Wakilin da unguwarsa ta juya baya, korarsa ake yi.

Kawu mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙaramar zuciya, ko wayar gida ta yi ƙara sai ya zabura. Ban ga laifinsa ba. Matarsa Bronia tana zuwa wankin ƙoda, kuma inshorar aikinsa ke biya. In aikin ya tafi, maganin ya tafi.

Duk shekarar zaɓe yakan bi gida-gida yana raba sababbin garewanin shara. A shekarar da nake magana, ana gab da zaɓe dusar ƙanƙara ta binne birnin, motocin kwashewa suka share tsakiyar gari suka manta da mu. Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa Jadwiga, wadda ta san shi tun yana rarrafe.

“Kai, ɗan nan, garwa zan hau in je asibiti?” in ji ta. “Ka ce wa ubangidanka ya zo da shebur da kansa.”

“Haba Inna, ki rufa min asiri. Don Bronia.”

“Allah ya ba ta lafiya,” ta ce, ta rufe ƙofa.

Kawu ya daina cin abinci. Kullum yana coci yana roƙon magajin gari ya ci, kuma addu'arsa ta karɓu. Sai dai a unguwarmu mutumin ya sha ƙasa, mugun kaye. Da ma magajin garin ya faɗi gaba ɗaya, ai da babu mai neman wani.

Washegarin zaɓe da safe muka je ofishin jam'iyya, ana ta shewa. Dunleavy, shugaban mazaɓa, ya dafa kafaɗar Kawu yana murmushi.

“Ziggy namu! Ya jikin madam? Ka leƙo ni Litinin.”

Ni kaina na gane kora ce ke jiransa. Muka koma gida, Bronia na kwance, rediyo a kunne.

“Mun ci, ko?” ta tambaya.

“Mun ci,” in ji Kawu. Ya tsaya yana gyara mata bargo.