Layin da na manta a wasan tele

Shekarar da damina ta ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba, dangin Inna suka taso daga Durum suka sauka gidanmu a Zinder, har da kakata. Tukunyar tuwo ba ta ƙaru ba, kwanuka ne suka ƙaru.

Ina lise a lokacin, wato babbar sakandare. Kawuna direba ya bar mini wata na'urar wasa da ake jonawa da tele, wato talabijin. A wasan, mutum huɗu ke tafiya tare suna faɗa da dodanni. Ɗaya kake juyawa, sauran kuma sai ka tsara musu umarni layi-layi, su bi da kansu. Da ƙamus na fassara Faransancin, na kwafe kowane layi a kaye, littafin rubutuna, kafin in saka.

Mai ba su magani mace ce. Na rubuta mata: in ƙarfin wani ya ragu rabi, ki warkar da shi. In guba ta taɓa wani, ki cire. Duk da haka kullum ita ke fara faɗuwa, sauran su bi ta. Kwana uku ina bin kayen da yatsa kafin na gane. Ban rubuta mata layi ko ɗaya a kan kanta ba.

A ranar ne na lura da Inna wajen rabon tuwo. Ta cika kwanon kowa, ta kankare ƙanzo a gindin tukunya, ta ce shi ta fi so. Washegari ma haka. Zanenta kuwa ya fara zagaye ta fiye da da.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ni ma ba na iya haɗa ido da ita, balle in yi mata maganar cikinta.

Da la'asar wuta ta dawo, Inna na tankaɗe a bakin ƙofa. Na kira Kaka.

"Me kuma, angona? Sadakina ka samo?"

"Zo ki ga wata mata, Kaka. Kowa take ba magani, ita ba ta sha."

Kaka ta matso da ido. Na saki wasan, matar ta faɗi, sauran suka zube bayanta.

"Wawiya! Wa ya hana ta?"

"Ni ne ban gaya mata ba."

Na ɗaga murya kaɗan, ina dannawa: in ƙarfinki ya ragu, fara da kanki. Na ɗora layin a sama da duka. Ƙarar rariya ta tsaya.

Kaka ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ba ta sake tsokanata ba.

Da rabon tuwo ya zo, ta karɓe mara daga hannun ƴarta. Malmala ta farko ta saka a kwanon Inna.

"Ci ina gani. Mijina ya rubuta."

Inna ta juya mini baya, ta sa hannu.