Ludayi Biyu na Romo a Miyar Baƙuwa

Wata rana, ana saura kwana uku Babbar Sallah, wata mata mai suna Barira ta zauna a ƙofar madafinta da takarda da biro, ta kasa rubuta komai.

A Funtuwa ne ko a Malumfashi, yanzu ba zan rantse ba. Na zauna a garuruwan biyu, shekaru kuma sun haɗe min su wuri ɗaya. Amma labarin yana nan daram.

Baƙuwa Barira za ta yi.

Likitar ido ce, mutuniyar Indiya, ana ce mata Dakta Sarala. Ita ta yi wa Gwaggo Tabawa aikin yanar ido, gwaggon da ta riƙe Barira tun tana marainiya.

Shekara huɗu tsohuwar tana laluben bango. Ranar da aka kwance mata bandeji, ta ƙura wa Barira ido ta ce, "Ke, yaushe kika yi furfura ba ki faɗa min ba?"

Tun daga ranar Gwaggo ta kafe, sai likitar nan ta ci abincin Sallah a gidansu.

Da Barira ta kira ta a waya, Dakta ta ce cikin Hausarta mai sanyi:

"Hajiya, ni ba na cin nama. Ba na cin kifi. Ko romo ko kitse ba na taɓawa, addinina ne tun ina yarinya. In zai wahalar da ku, sai in zo in gaishe da Mama in sha ruwa."

Barira ta ce, "Ki zo da yunwarki, Dakta. Na ɗaukar miki alkawari."

Duk wanda ya san gidan Bahaushe a Babbar Sallah ya san nauyin abin da ta ɗauka.

Kwana uku ana suya. Kowace tukunya ta sha maiƙo, kowane ludayi ya ratsa romo. Hatta labulen ɗaki ƙamshin rago yake yi.

Da ƙyar ta tsara takardarta.

Waina da miyar taushe, kabewa da alayyafo da gyaɗa, daddawa ce ɗanɗanonta. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ta ajiye shi gefe, don ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Dambun shinkafa da zogale, da man gyaɗa.

Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli.

Zoɓo mai citta.

Ta so ta ƙara da alale, ko awara ce, ya kwance min, sai ta ga aikin zai yi mata yawa ta soke.

Ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi. Ta wanke tanda sau uku da toka.

Gwaggo tana kan tabarma tana kallon komai da sababbin idanunta.

"Wai ke Barira, mutum ya zo gidanki da Sallar layya ki cika shi da ganye? Akuya ce?"

"Gwaggo, ita ta ce haka take so."

"Kunya ce! Wane baƙo ne zai buɗe baki ya ce a ba shi nama?"

"Ba kunya ba ce, addininta ne."

Gwaggo ta taɓe baki, ta ci gaba da jan carbi.

Washegarin Sallah, kafin azahar, Barira ta gama komai. Sauran ɗan ƙullun waina ne kawai a ƙasan roba. Maigidanta ya fita da mota ɗauko baƙuwa.

Gwaggo ta ce, "Je ki yi wanka ki yi salla, kin yi baƙi kamar gindin tukunya. Ni zan ƙarasa wainar."

Barira ta tafi.

Da ta dawo, tun daga ƙofar madafi hancinta ya gaya mata.

Ta buɗe sabuwar tukunyar. Maiƙo ne kwance a saman miya yana ƙyalli. A gefe ga tsohon ludayin suya, jiƙe.

Ta buɗe dambu. Yana sheƙi.

"Gwaggo... me kika zuba?"

"Gyara na yi miki. Ludayi biyu kacal, romon ƙashi. Sai da na tace shi da rariya, ko tsoka ɗaya babu. Dambun kuma na ga ya bushe kamar yashi, na yayyafa masa man suya."

"Wainar fa?"

"Tana kamawa, na shafa wa tandar kitse."

"Ina waɗanda na fara yi?"

"Duk suna kwano ɗaya. In ware su don me?"



Sai wayar Barira ta yi ƙara. Maigida ne.

"Mun shigo layi, a buɗe ƙofa."

Babu lokacin ɗora wata tukunya. Ko ruwa ba zai tafasa ba.

Gwaggo ta ga yadda fuskarta ta sauya, sai ta matso, ta rage murya.

"To wa zai faɗa mata? Ni ce ko ke? Ta ci ta ji daɗi ta sa mana albarka. Abin da ido bai gani ba a cikin miya, ina ruwan wani da shi?"



Barira ta dubi abin da ya tsira. Kwanon kwaɗo ɗaya, da tulun zoɓo.

Matar da ta dawo wa gidan nan da gani, a washegarin Sallah, a ajiye mata rama da ƙuli-ƙuli? Har ta ji yadda za a yi ta maimaita zancen a unguwa.

In kuma ta faɗi gaskiya, tsohuwar da ta goya ta ce za ta sha kunya a gaban baƙuwa.

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Barira ta jera komai a faranti. Har da miyar. Har da dambun. 

Dakta ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaida Gwaggo. Ta ɗaga mata fatar ido da ɗan yatsa, irin na sabo.

"Mama, kina sa maganin?"

"Ina sawa, 'yar nan. Yanzu har zare nake zurawa a allura, in kuma ga wanda bai share tsakar gida da kyau ba."

Aka yi dariya. Barira kaɗai ce ba ta yi ba.

Aka shimfiɗa leda a kan darduma, aka buɗe kwanoni. Dakta ta wanke hannu.

"Kai, Hajiya, duk wannan saboda ni? Tun safe ban ci komai ba."

Ta ɗauki waina ɗaya. Ta miƙa ta wajen miya.

Sai ta ɗago, da murmushi.

"Duk zan iya ci, ko?"

Gwaggo ta yi gyaran murya.

Maigida yana bakin ƙofa, bai san komai ba, har ya buɗe baki zai ce bismilla.

Barira ta riga shi: "A'a, Dakta."

Ta ci gaba:

"Ki ajiye wainar. Romo ya shiga miyar, kitse ya taɓa wainar da dambun. A madafina aka yi kuskuren, ki yafe min. Kwaɗon nan da zoɓon nan kaɗai zan iya rantse miki a kansu."

Dakta ta ajiye wainar a hankali.

Barira ta sunkuyar da kai. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai carbin Gwaggo ya daina motsi.

"Ba kuskuren madafi ba ne. Ni na zuba, da hannuna. Ta hana ni, na jira ta shiga wanka." Ta juya ga Dakta. "Na ga kin ba ni ido, na ce ba za a ba ki miya lami a gidana ba. Har na ce mata ta yi shiru."

Dakta ta dubi tsohuwar. Sannan ta juya ga Barira.

"Hajiya, shekarata tara a ƙasar nan. Gidaje da yawa sun gayyace ni, mutanen kirki. Ko'ina sai a ce min babu nama. In kai cokali baki, in ji romo. Sai in ajiye, in ce cikina ne ba daɗi, in koma gida ina jin nauyi a raina."

Ta dubi wainar da ta ajiye.

"Yau ne karon farko da aka faɗa min kafin in kai baki."

Ta jawo kwanon kwaɗo gabanta. Ba ta shinshina ba, ba ta tona ba. Ta sa hannu ta ci, ta ci, har ta suɗe kwanon, ta kora da zoɓo kofi biyu.

"Mama, akwai saura?"

Gwaggo ta miƙe zumbur kamar yarinya, ta ɗauki kwanon, ta nufi madafi.

A bakin ƙofa ta tsaya cak. Ta dubi hannunta, ta juyo.

"Barira, taso ki zuba mata da kanki. Ni yau ban yarda da hannun nan ba."

Darasi:

'Ya'yana, wanda ya zauna cin abincinka ba ya ganin abin da ya faru a madafi. Maganarka yake ci kafin ya ci girkinka. In ya ce ga abin da ba ya taɓawa, ko don addini ko don ciwo, kada ka yanke masa hukunci da sunan ƙauna, kada kuma ka rufe don gudun kunya. Kunyar ranar za ta wuce kafin la'asar. Yardar da ya ba ka kuwa, in ka ci amanarta, ko bai taɓa sani ba, kai ka sani.

In kana da mai shirin tarbar baƙo a Sallar nan, tura masa wannan tun kafin ya ɗora tukunya.