Littafin Kakana a Falon Alhaji

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, wani Alhaji a unguwarmu a Daura, wanda ya yi arziki da shigo da kaya ta kan iyakar Kongolam, ya tsiri tara tsofaffin littattafan fikihu rubutun hannu. Ko layi ɗaya bai iya karantawa ba, amma duk baƙon da ya shiga falonsa sai ya nuna masa su.

A cikinsu har da littafin kakana, wanda yayana ya sayar masa ba da sanina ba. Na je roƙon ya bar ni in kwafi bayanan da marigayin ya rubuta da ajami a gefen shafuka, hukunce-hukuncen gona da rabon gado da ya ji daga bakin malamansa.

Alhaji ya buɗe kabad ɗin gilashi yana washe baki. Ashe ya yar da gafakar littafin, ya kai shi wurin masu ɗinkin littafi, sun datse gefunan kaf.

"Malam, ai jagwalgwalo ne ya cika gefen," in ji shi. "Dubi yadda ya yi fes yanzu."

Na duba. Ya yi fes kuwa, kamar cikin kan mai shi.