Zuwa Ibohaman neman bakin da zan amsa wa Anna

Litinin: Madawa zuwa Buza

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gida, bayan na leƙa ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Anna. Idonta biyu, tana kallon rufi. Na gaishe ta da Hausa, ba ta juyo ba. Na bar wa ƙanwata Rabi magungunanta, na ɗauki jaka na nufi tasha.

Ni malamar Faransanci ce a wata kwaleji a Madawa, shekara goma sha huɗu ina riƙe da jan bik, biron gyara wa ɗalibai kuskure. Ina kuma rubuta memuwar, wato binciken kammala karatu, a kan yadda mutum ke samun sakin baki a harshen da ba na gidansu ba. Wannan dalilin na rubuta a takardar neman izinin tafiya. Na biyun ban rubuta shi ba. Anna 'yar Ibohaman ce, aure ya kawo ta Madawa, ta yi shekara arba'in tana Hausa har babu mai cin ta a ciniki. Wata biyar da suka wuce hawan jini ya kayar da ita, da ta farfaɗo Hausar ta tafi ƙat, sai Tamajak, harshen yarintarta. Lokotoro a asibitin mishan ya ce mu riƙa hira da ita da shi, in ba haka ba za ta yi shiru gaba ɗaya. Mu biyar ta haifa, babu mai iya amsa mata. Ni babba ina jin kaɗan-kaɗan, amma bakina ba ya buɗuwa. Ta yi ta magana muna yi mata murmushi kamar wawaye, har ta gaji. Ranar da na tashi, kwananta ashirin ba ta ce uffan ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Dabarata ita ce in je wurin ƙanwarta in ɗauko muryarta a salula in riƙa kunna mata.

Mota mai kujera goma sha tara ba ta cika ba sai shida da rabi. Direban, Ila, ɗan Babankatami ne, ya ba ni gaba. A shingen jandarma na bakin gari ya sauka da takardunsa yana zuba Faransanci kamar famfo. Ina zaune ina ƙirga kurakuransa, sana'a ce ba ta barin mutum. Jandarman ya yi dariya ya ɗaga igiya.

Na ce, "Malam Ila, kuskure biyar na ƙirga."

Ya ce, "Madam, ke kin ƙirga, shi ya buɗe muna hanya."

Na ciro kaye, littafin rubutuna, na tambaye shi inda ya koya. Ya ce shi bai shiga lakwal, makarantar boko, ba, a Abijan ya koya lokacin da yake cin rani yana sayar da shayi. "Suna ta dariya, ina ta zuba musu shayi. In na yi shiru wa za ya saye?" Na rubuta.

Kusan kilomita hamsin ne zuwa Buza, mun isa takwas da minti goma. Na sauka gidan wata ƙawata malama, aka kawo fura mai sanyi. Da la'asar ta kai ni wurin Madam Esta, ungozoma, Kirista 'yar Gurma, wadda ta zo ƙasar Adar ba ta san ko "sannu" ba. Yanzu in tana magana sai ka rantse a Buza aka yanke mata cibi. Na kunna salula ina ɗaukar muryarta, don a bincikenmu muna auna yawan tsayawar mutum da "e... e..." ɗinsa. Ita ba ta tsaya ba sam.

Ta ce tambaya bakwai take yi wa kowace mai ciki, kullum su ɗin dai, safe da yamma, har bakinta ya fara faɗinsu kafin kanta ya shirya. Na ce yaushe ta san ta iya? Ta ce, "Ranar da na yi wa wani miji faɗa da Hausa ban shirya ba." Sai ta dube ni ta ce, "Ke wane harshe kike koyo?" Na ce a'a, ni bincike kawai nake. Ƙarya na yi mata, har tuwon dawan da aka kawo da magariba ban ji daɗinsa ba.

Talata: Buza zuwa Keita, zuwa Ibohaman

Ƙarfe bakwai muka tashi a motar ɗaukar kaya, ni da buhunan albasa. Hawa tudu, gangara kwari, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Sau biyu muka sauka aka zuba wa mota ruwa. Sha ɗaya da rabi muna Keita. Na ci shinkafa da wake a tasha, na hau kabu-kabu, kusan kilomita ashirin zuwa Ibohaman. Ana kiran azahar na tsaya a ƙofar Inna Tekna, ƙanwar Anna.

Ta rungume ni, ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ture salular da bayan hannu.

"Hadiza, in yayata ta yi tambaya, wannan abin za ya amsa mata? Ba murya ta rasa ba, mai amsawa ta rasa."

Na ce, "Inna, ban iya ba."

"Kin iya har shekara bakwai. Ina nan ranar da kinka dawo daga lakwal da ƙashi a wuya."

Na sunkuyar da kai. Sanbol take nufi, ƙashin jaki da ake rataya wa yaron da ya yi harshen gida a aji. Ranar Tamajak ya kuɓuce mini, mushe, wato malaminmu, ya rataya mini shi, yara kuma suka bi ni da waƙa har gida. Na ce wa Anna kada ta ƙara yi mini wannan yaren. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma ƙara ba. Abin kunyar, a ajina na yau ma akwai sanbol a aljihun tebur, ni da hannuna nake rataya shi.

Inna ta miƙo hannu, na ba ta kaye da jan bik, ta jefa su cikin tulu maras ruwa. Ta ce wannan ce Hausarta ta ƙarshe da ni, daga nan sai Tamajak.

Laraba zuwa Asabar: Ibohaman

Baƙo a nan sai ya zagaya dangi ya gaishe su gida-gida. Inna ta mai da shi aikina na kowace safiya: gida goma sha ɗaya, a kowanne in tambayi kwana, yara, bisashe da ruwan rijiya, a tambaye ni in amsa. A gidan farko na haɗa jimla a kaina tsaf, na duba ta gaba da baya, kafin in buɗe baki matar ta koma dakanta. A na uku na buɗe, abin da ya fito ya sa wata tsohuwa dariya har da riƙe ciki, ta kira maƙwabta ta kwaikwaya musu. Na zagaya bayan rumbu na yi kuka, mace da 'ya'ya uku. A nan na tuna ɗalibaina da nake cewa ba su da ƙoƙari. Na karanta a littattafai cewa sanin ƙa'ida daban, saurin harshe daban, kuma tsoron kuskure yana ɗaure baki. Na ma koyar da shi a taron malamai. Ban taɓa jin sa a bakina ba sai ranar.

Alhamis dariyar ta ragu. Juma'a na lura ina cewa "alher gas", wato lafiya lau, kafin in yi tunaninsa. Da rana ina daka tare da mata, su nuna abu su faɗi sunansa, in maimaita, su gyara ba tare da sun tsayar da taɓarya ba. Abincinmu fura da nonon akuya, da yamma tuwon hatsi.

Asabar da hantsi a bakin rijiya wata akuya ta kifar mini da bokitin da na sha wahalar ja. Sai na ji bakina yana surfa mata faɗa, kalma a kan kalma, ban san inda suka fito ba. Mata suka juyo. Inna ta dafa kafaɗata, ta gaya mini a hankali, yadda zan gane, cewa da waɗannan kalmomin Anna take korar awaki tun suna yara.

Lahadi: komawa

Shida na safe kabu-kabu ya zo. Inna ta ciro kayena daga tulu ta ba ni, jan bik kuwa ta ce ya zauna. Keita ƙarfe bakwai, Buza sha biyu, jiran mota awa biyu. A shingen Madawa aka duba katin shaida, biyar saura kwata ina gida. Rabi ta tare ni ta girgiza kai: har yanzu Anna shiru.

Ba zan yi ƙarya ba, kwana huɗu ba sa ba mutum harshe. Gaisuwa na iya, da sunayen kayan daka, da faɗan akuya. Na durƙusa a gefen katifar Anna, ban tsaya shirya komai ba, na tambaye ta kwana, na tambaye ta jiki, har da bisashe da ruwan rijiya, don haka bakina ya saba jero su.

Ta juyo a hankali. Sai gefen bakinta mai motsi ya ɗaga, ta maimaita kalma ɗaya da na karkatar, ta faɗe ta daidai. Na sake faɗa. Ta ce wani abu mai tsawo, na roƙe ta ta maimaita har sau uku, Rabi na tsaye a ƙofa tana tambayata me ta ce, me ta ce.

Cewa ta yi: "Maganarki ta 'yar shekara bakwai ce. Nan kika tsaya. Zauna mu ci gaba."

Na zauna. Rabi ma ta shigo ta zauna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ila, da Madam Esta wadda take bi na bashin gaskiyar da ban faɗa mata ba, da Inna Tekna da matan gida goma sha ɗaya da suka yi mini dariya kuma ba su gaji da amsa mini ba. Memuwar tana nan tana jira. Litinin da safe na cire ƙashin nan daga aljihun tebur, na jefa shi bayan katanga.