Malam Sagiru da Jarumin da Hannunsa Ke Rawa

Kafin 'yan kasuwa su gama baje kaya a Rano, Malam Sagiru ya riga ya wanke bangon shagonsa, ya fito da alli. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da zanen bayan mota, amma abin da ke tara masa jama'a shi ne Ɗan Walƙiya, jarumin da ya ƙirƙiro, yake zana labarinsa gida-gida, hoto bayan hoto, a bangon nan duk ranar kasuwa. Ɗan Walƙiya kan tashi sama, ya ɗaga tirela da hannu ɗaya. A gidan ƙarshe kuwa Malam ba ya rubuta maganar bakin jarumin, sai ya ajiye alli a taga, wanda ya ga dama ya cike. Yawanci shirme ake rubutawa, kuma shi ya fi kowa dariya.

Wata damina Muntari, ɗan acaɓa daga Rurum, ya goyo wansa Alu, rafi ya kawo ya tafi da Alu. Muntari ya tsira, amma ya jingine babur. Da hadari ya haɗu sai hannunsa ya kama rawa. Aka yi ta ce masa sai haƙuri, namiji ba ya kuka, aka rufe zancen tun ranar sadakar uku. Wasu suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Mahaifiyarsu Jumai ta rasa ɗa guda, ga na biyun yana neman suɓuce mata, ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

Malam Sagiru ya ji labari, bai je da wa'azi ba. Sai kawai aka ga Ɗan Walƙiya a bango ya kasa ceto wani daga ambaliya. Da kasuwa ta zagayo, ga jarumin zaune a bayan rumbu, ya kasa tashi sama, hannu na karkarwa. Samari suka yi ca.

"Haba Malam, ka lalata mana jarumi! Wannan ai ragon maza ne."

"Ragon ne ya ɗaga muku tirela bara," in ji Malam. "Ku bar shi, shi ma zuciya gare shi."

Abokan Muntari suka jawo shi kasuwa ya ga abin da ake ta surutu a kai. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauki allin ya rubuta a bakin jarumin: "Na riƙe shi. Ruwa ne ya fi ƙarfina."

Malam ya dafa kafaɗarsa. "Bango ya ji, saura Inna. Daga nan mu je asibiti, wannan ciwon ma yana da masu duba shi."

Da Muntari ya faɗa mata, Jumai ta fashe da kuka. "Ɗan nan, ban taɓa zarginka ba. Jira nake ka yi magana."

Yau idon Malam Sagiru ya yi rauni, ya ajiye alli. Malam, kai ne gwanin da ya nuna mana jarumi ma yakan karye, kuma ba abin kunya ba ne. Mun gode, Malam, har cikin zuciya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Mu kuma, in mun ce wa mai raɗaɗi sai haƙuri, mu zauna mu ji ta bakinsa.

Duk ranar ganin likitan ido, Muntari ne ke goya Malam a babur, ko da hadari ya haɗu.