Baba Mani da Buhun Gero Biyu

Kafin manoma su ɗaura wa shanu garma, Baba Mani ya riga ya hura wuta a maƙerarsa, a wani ƙauye kusa da Tofa. Ya yi bismillah, ya ja zugazugi, ya ɗora ƙarfen da ya yi ja a kan uwar maƙera. Shekara hamsin yana haka, sai bana da ido ya yi rauni ya ajiye masaba.

A shekarun fari, bakin garma ɗan waje ya ɓace a kasuwa. Mani ya koma tsintar ƙarfen matattun motoci yana ƙera wanda ya fi shi ƙarko. Amma kun san halinmu. Mutum zai ɗauka ya jujjuya, ya taɓe baki ya ce, "Ƙirar gida ce," ya ajiye. Gidan Mani kuwa an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Sai ga Alhaji Sama'ilu, wani ɗan kasuwa daga Dawanau, da buhun gero biyu a bayan mota.

"Baba, tambarin kamfanin Turawa kawai za ka riƙa bugawa a jiki. Geron nan naka ne."

Mani ya dubi buhunan, ya dubi matarsa Luba da ta leƙo daga zaure. Malam Kamilu, malamin firamare da ya kawo gyaran fartanya, ya so ya sauƙaƙa masa.

"Ai Baba, a Turanci ma kalma ɗaya ce, foj. Ita ce ƙira, ita ce kuma yin jabu."

"Turancinsu ne," in ji Mani. "Mu a nan biyu ne, kuma ɗaya na gada."

Mota ta juya da geronta. Tafasa da rama suka riƙe gidan har kaka. Wallahi abin yana ba ni tsoro, a ce mai yunwa ya kalli hatsi ya kau da kai!

Daga baya Luba ta ce, "Wata guda ina fushi da shi. Amma dai ba a taɓa kiran 'ya'yana 'ya'yan mai jabu ba."

Baba Mani, kai ne na Luba, mai lanƙwasa ƙarfe wanda yunwa ta kasa lanƙwasawa. Garmarka ta yi huɗar gonakinmu lokacin da ba mu da wata. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ido haske.

Ku kuma masu sana'a, ranar da aka ajiye muku buhu a ƙofa, ku fara tambayar sunan da za a kira 'ya'yanku da shi.