Jikan Ladan

Kafin a sami 'yancin kai, ni ne sanƙiran wani mai goge a Kalgo. Shi yana goga, mata suna rawa, ni kuma ina kiran sunan duk wanda na hango a fili, har da kakanninsa.

Akwai wani malami daga Gwandu da ya sha tsine mana a wa'azi, yana cewa goge muryar Shaiɗan ce. Amma duk ranar kasuwa sai ga shi, wai sayen busasshen kifi ya zo. Yakan tsaya can bayan jama'a, ya ja amawali har hanci, babban yatsan ƙafarsa yana bin kiɗa.

Rannan na gaji da shi. Na ɗaga murya na ce, "Ga baƙonmu na Gwandu, ɗan liman, jikan ladan!"

Na san sarai kakansa alƙali ne. Malam ya daure, ya daure, abin ya gagara. Ya fizge amawali ya daka mini tsawa: "Ƙarya kaka yi! Jikan alƙali nike!"

"Allah shi gafarta Malam," na ce. "Jama'a, kun ji da bakinsa."

Nan take maigidana ya yi masa take. A Gwandu goge bai daina zama haram ba. A Kalgo kuwa, mun daɗe muna rawar jikan alƙali.